Ranar da Aka Surfe Irin Tudun Marke

Tsofaffin da suka riƙe labaran zamanin da sun ce an yi wani gari na manoman gero, ana kiransa Tudun Marke, sarkinsa kuwa a wancan lokaci sunansa Barmo. Ban ce Barmo azzalumi ba ne. Mutum ne mai tausayi, wanda in ya ga yaro na kukan yunwa shi ma sai idonsa ya kawo ruwa. Cutarsa guda ce: in masu duba suka ce masa an duba an gani, to, ya gama sallamawa. Tun yana ƙarami ba hikayar da yake so irin wadda ake cewa an faɗa wa wane ajalinsa, ya gudu gabas ya gudu yamma, ya dawo ya tarar da ajalin zaune a zaurensa yana jira. In aka kai ƙarshen irin wannan sai ya tafa hannu ya ce a maimaita masa.

Al'adar garin ita ce, kowace kaka, kafin a kai dami ko ɗaya gida, kowane magidanci zai zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika ya kai rumbun iri da ke ƙofar fada. In rumbu ya cika sai a liƙe bakinsa da laka. Ba a fasa shi don biki, ba a fasa shi don baƙo, yunwa ma ba a fasa mata shi. Sai ranar da aka ga shamuwa ta farko ta sauka a kan marken da ke tsakar fada, sannan a buɗe a raba wa kowa, a fita da sungumi a yi binne. Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a take da ƙafa, a koma gida a jira.

Sai ruwa ya yi wa garin rowa damina biyu a jere. Rumbunan gidaje suka ƙare, mata suka shiga tafasa ganye, yara suka yi wuya kamar na kaza. Barmo ya kasa barci, ya aika a kira masa Cindo mai bugun ƙasa. Cindo ya shimfiɗa yashi a faifai, ya zana ya goge, ya zana ya goge, sannan ya girgiza kai ya ce, “Ranka ya daɗe, bana ba za a girbi ko zangarniya ɗaya ba a Tudun Marke.”

Sarki ya ce, “To, in haka ne, don me za mu binne wa tururuwa abinci yaranmu na kuka?” Ya sa aka fasa rumbun iri, aka sussuke, aka jera turame a ƙofar fada, aka tara matan gari su surfa a dama kunu kowa ya sha. Sarkin Noma, wani tsoho mai furfura, ya faɗi ya yi gaisuwa ya roƙa a bar ko da rabi ne, aka ce ya koma gefe ya zauna. Shi kuwa gero, kowa ya sani, in tabarya ta surfe shi ba zai tsiro ba har abada.

Da hantsi, ana tsakiyar lugude, sai ga wata tsohuwar shamuwa ta sauka a kan marken. Gurguwa ce a ƙafar hagu, tun zamanin uban Barmo take yin sheƙa a wannan itace, kuma a wancan zamani tsuntsun da ya tsufa haka yakan yi magana. Ta leƙo ƙasa inda Sarki ke zaune a inuwa ta ce, “Allah ya ba ka nasara. Na hango rumbu a buɗe na ce an riga ni, ashe ba haka ba ne. Wannan ƙarar da nake ji ba ta sungumi ba ce.”

Sarki ya kwashe abin da Cindo ya gani ya gaya mata. Sai ta ce, “Ranka ya daɗe, sa a dakata da tabarya, in ba ka labarin Jatau mai fito da abin da aka faɗa masa game da ɗansa.”

Da Barmo ya ji labari ne na abin da aka faɗa wa wani, sai ya gyara zama. Ya ce, “Ba da labarinki, tsohuwa. Tabarya ba ta hana kunne ji, yara kuma na jiran kunu. Yaya aka yi da Jatau ɗin?”

Shamuwa ta ce, “A can kudu inda nake cin rani akwai wani babban kogi, a bakinsa akwai wani ƙauye na masunta da masu fito. Su al'adarsu, da zarar yaro ya fara tafiya, uba zai ɗauke shi ya kai bakin ruwa, ya ɗaura masa gora a kowace hammata ya sake shi. Kwana kaɗan sai a cire gorunan a bar shi ya sha ruwa ya yi tari, ya sha ya yi tari, har jikinsa ya koya. A ƙauyen nan ba mace ba namiji, ba wanda bai iya iyo ba.

“Jatau shi ne babban mai fitonsu. Ya haifi mata da yawa, daga baya ya sami namiji aka sa masa Tanimu, ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Wata rana da tsakar rana yana tsakiyar kogi shi kaɗai, sai kwale-kwalensa ya tsaya cik kamar an riƙe shi daga ƙasa. Wata aljanar ruwa ta ɓullo da kai, gashinta ya rufe mata fuska, ta ce, ‘Jatau, ɗan nan naka ruwa ne zai ci shi.’ Ta yi dariya ta nutse.

“Jatau ya juya kwale-kwale ya dawo gida. Daga ranar ya ce Tanimu da kogi ko kallo, wanka ma sai da buta a bayan ɗaki. Ranar da aka kai tsaran yaron bakin ruwa, uwar Jatau, wata tsohuwa mai suna Tabawa, ta shigo da goruna biyu a hannu ta ce, ‘Kai, ɗan nan, ina maigidan nawa? An tafi an bar shi.’ Jatau ya gaya mata abin da aljana ta ce. Tabawa ta ajiye gorunan ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, ‘Zauna in ba ka labarin Mantau maharbi, wanda shi ma aljani ya yi masa magana.’ Jatau ya ce, ‘Ina ji, Inna.’

“Tabawa ta ce, ‘A garin kakannina na arewa an yi wani maharbi, Mantau. Su maharba, duk shekara kafin a shiga daji sai kowa ya ɗora tukunya ya dafa sabon dafi ya shafe kibansa, don tsohon dafi in ya kwana shekara ya mutu. Aiki ne mai wahala, hayaƙinsa na sa ido ya kumbura, amma ba wanda ke tsallake shi. Wata rana Mantau ya tarar da wani tsoho a gindin kuka ƙaya ta shige masa ƙafa, ya tsuguna ya cire masa. Ashe aljanin kukar ne. Ya ce, Mantau, ga tukuicinka, ba dabbar da za ta kashe ka a daji.

“‘Mantau ya dawo gida yana tafiya kamar ya sayi dajin. Lokacin dafa dafi ya zo, abokansa suka ɗora tukwane, shi ya kwanta a zaure yana yi musu dariyar jan ido. Suka ce, Mantau, tashi ka ɗora. Ya ce wanda aka yi wa alkawari me zai yi da hayaƙi? Haka shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Ran nan ya yi kiciɓis da ɓauna. Ya ɗana kibiya ya sake, ta same ta daidai inda ake so, amma dafin ya zama gari, ko gezau ba ta yi ba. Ta ɗauke shi da ƙaho ta maka da ƙasa, ta karya masa baya, ta yi tafiyarta.

“‘Bai mutu ba, ɗan nan. Ya tsufa kwance a kan tabarma, ƙudaje na binsa, masu juya shi suna juya shi suna tsaki. Ya roƙi mutuwa har ya gaji da roƙo. Da abin ya ishe shi ya sa aka ɗauke shi aka kai gindin kukar, ya yi ta kuka yana cewa an cuce shi. Aljani ya leƙo daga kogo ya ce, ni magana na yi na wuce, tukunyar dafi kuwa a ɗakinka take, ba a kogona ba. Ka ji, ɗan nan. Aljani baki kawai ya sa, hannun da ya ƙi ɗora tukunya na Mantau ne. Ba ni maigidan nawa in kai shi rafi.’

“Jatau ya ce, ‘Haba Inna, ai labarinki ni ya goya wa baya. Aljani ya ce dabba ba za ta kashe shi ba, kuma ba ta kashe shi ba. Maganarsu ba ta faɗuwa ƙasa. Yaron nan ba zai taɓa kogi ba ina raye.’ Tabawa ta dube shi ta dube shi, ta tattara gorunanta ta ce, ‘Wayyo ni, ashe tun ɗazu da bango nake magana.’ Ba ta ƙara tada zancen ba har ta rasu.

“Tanimu ya girma a kan tudu yana kiwon awaki, tsaransa na kiransa ɗan mai fito mai wanka da buta. Ya sha roƙon ubansa ya bar shi ya koya, uban ya yi ta kuka yana cewa so kake ka kashe ni. Yaro mai biyayya ne, sai ya haƙura. Ya zama magidanci, ya yi aure, har ya haihu.

“Wata shekara kogi ya cika ya shigo ƙauye da rana tsaka, dole kowa ya haye zuwa tsallake. Jatau da kansa ya sa ɗansa a tsakiyar kwale-kwale ya ce ya rufe ido. Sun kusa gaɓa, har ana iya jin muryar masu jira, sai kwale-kwalen ya daki kututture ya kife. Ranka ya daɗe, ina kan itace ina gani. Ruwan wurin da kaɗan ya fi tsawon mutum. Mata masu goyo sun fita, tsofaffi sun fita, yaran da aka cire wa gora bara sun fita suna dariya. Tanimu kaɗai, ƙato mai gemu, ya yi ta dukan ruwa da hannu kamar mai kashe wuta. Kafin ubansa ya lalubo shi a cikin ruwan laka, ya riga ya tafi.

“A zaman makoki duk wanda ya shigo sai ya ce, Jatau, haƙuri, aljana ta faɗa tun yana ƙarami, ba yadda za ka yi. Jatau ya karɓi wannan magana ya rungume ta, da ita ya rayu sauran kwanakinsa. Na zauna a kan itacen gidan har aka watse, ban ji mutum ɗaya ya ce wa ya hana Tanimu gora ba.”

Nan shamuwa ta kai ƙarshen labarinta. Daga ƙofar fada lugude na tashi, matan har sun fara waƙa.

Sarki ya tafa hannu kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya ce, “Kai, wannan labari ya yi daɗi! Kin gani ko, tsohuwa? Aljanin kuka ya faɗa ta tabbata, aljanar ruwa ta faɗa ta tabbata. Yaya za a ce ta Cindo ce kaɗai ba za ta tabbata ba?”

Ran shamuwa ya ɓaci har gashin wuyanta ya miƙe. Ta ce, “Allah ya ba ka nasara, na ba ka labarin mutumin da aka ba labari bai ji ba, kai ma ka amsa mini da irin amsarsa, kalma da kalma. In ban da girman rawani da na ce ni ma da bango nake magana. Bari in gaya maka abin da masu hikaya ba sa faɗa. Aljanar nan ba Jatau kaɗai ta tare ba. Sana'arta ke nan, duk mai fiton da ta ga ya haihu sai ta riƙe masa kwale-kwale ta gaya masa haka. Sauran suka yi mata tsaki suka je suka ɗaura wa 'ya'yansu gora. A cikin 'ya'yan nan akwai waɗanda ruwa ya ci, ban ɓoye maka ba, don wanda ya iya iyo ma yakan nutse. Amma mafi yawansu sun tsufa sun mutu a kan tabarma, jikoki kewaye da su. Su ba wanda ke ba da labarinsu, don ba daɗin ji, ba inda za a tafa hannu. An tsince maka waɗanda maganar ta kama aka yi ta ba ka tun kana yaro, kai kuma ka ɗauka duniya ce duka.”

Sarki ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya ce, “To, ke shamuwa ce. Kowa ya san ku ke da labarin damina, shi ya sa kakanninmu suke jiran saukarki kafin su fasa rumbu. Ki gaya mini gaskiya, za a yi ruwa bana ko ba za a yi ba? In kin ce za a yi, yanzu in sa a tsaya.”

Ta ce, “Ban sani ba.”

Ya ce, “Ke ma?”

Ta ce, “Ban taɓa sani ba, ranka ya daɗe. Har yanzu wani mai duban kake nema, ka rasa a yashi ka zo nema a kan itace. Ni zuwa nake yi in tsinci kara in yi sheƙa. Bara a kan reshen nan da ke bisa kanka na ƙyanƙyashe 'ya'ya, ruwa ya ɗauke, fari da kwaɗi suka ɓace, na tsaya ina kallonsu suna buɗe baki har suka daina buɗewa. Bayinka ne suka share su da tsintsiya. Kana tsammani da na sani zan yi ƙwai? Ga ni kuma na dawo, ciwon yana nan bai tafi ba. Kakanninka ba don na san ruwa suke jirana ba. Sun ga tsuntsuwa ta fara gini a kan busasshen itace, sai su ma su ji kunyar zama.

“Abin da aka rubuta yana wurin Wanda ya rubuta, bai nuna wa Cindo ba, bai nuna mini ba. Saukar ruwa ba a hannunka take ba. In ka binne iri ruwa ya ƙi zuwa, an yi asara, kuma ba mai tambayarka gobe. Amma in ruwa ya zo ya sauka a kan gonakin da ba komai a cikinsu fa? Cindo ya ce ba za a girbi ko zangarniya ɗaya ba. Wallahi maganarsa za ta tabbata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Saurara ka ji masu tabbatar da ita. Kai ka jera musu turame. Baɗi kuma mutanenka za su zauna a bakin kaburburan 'ya'yansu su ce Cindo ya faɗa, su zo su ba ka haƙuri kamar yadda aka ba Jatau.”

Barmo ya miƙe zumbur, rawani ya kusa faɗuwa. Bai jira wani bafade ba, da bakinsa ya yi ihu, “A tsaya! A ajiye tabarya!” Lugude ya mutu, waƙa ta mutu, fada ta yi tsit. Ya ce a kira Sarkin Noma. Tsohon ya zo ya faɗi, gwiwoyinsa duk ƙura.

Sarki ya ce, “Baba, me ya rage?”

Sarkin Noma ya ce, “Ranka ya daɗe, abin da ke gindin rumbu, da abin da ya zube a gefen turame. In aka tsince da kyau zai binne gonakin bayan ganuwa. Sauran gari kuwa sai haƙuri.”

Shamuwa ta ce daga sama, muryarta ba ƙarfi, “Lokacin da na sauka fiye da rabi na nan. Na ce a dakata, aka ce tabarya ba ta hana kunne ji.”

Hawaye ya zubo wa Barmo, bai share ba. Ya dubi fadawa da matan da ke tsaye riƙe da tabare, ya ce, “Na ji, tsohuwa, na ji a makare. Ku kuma ku riƙe wannan. In yunwa ta zo baɗi, kada in ji wani ya ce an duba an gani. Kada wanda ya zo ba ni haƙuri. In 'ya'yanku suka tambaye ku wa ya ci irin Tudun Marke, ku ce Barmo ne.”

Ya tuɓe alkyabba ya ajiye, ya karɓi sungumi daga hannun Sarkin Noma ya nufi ƙofar gari. Matan suka durƙusa a ƙasa suna tsintar ƙwayar gero ɗaya ɗaya cikin ƙura suna zubawa a ƙwarya. Sama fes take, ba ko ɗan gajimare. Shamuwa ta sauko da gurguwar ƙafarta, ta ɗauki wani kara da ya faɗo daga rumbun da aka fasa, ta koma kan reshenta da shi.

Iyakar abin da tsofaffi suka riƙe ke nan. Ko ruwa ya sauka a shekarar ba su faɗa ba, in ka matsa musu sai su ce ba shi ne labarin ba. Abin da suke ƙarawa kawai, an dama kunun geron da aka surfe a ranar, garin duka ya sha ya ƙoshi, yara suka yi wasa a dandali. Aka kai wa Sarki nasa a gona, ya kai ƙwaryar baki, ya kasa haɗiye ko kurɓi ɗaya.